Rediyon 'yan kwana-kwana: yadda wani direban tasi a Bronx ya sayi na'ura uku kafin ya dace

Asalin lamarin: Janairu 2022

Mutumin da wannan bayani ya shafa Bahaushe ne ɗan Zangon Kumasi, ya ba shekara arba'in baya, yana tuƙin tasi a birnin New York, galibi aikin dare. Yana zaune a Bronx da uwargidansa da 'ya'ya uku, a hawa na 11 na wani dogon benen haya. Ba zan faɗi sunansa ko titinsu ba. Masallaci ɗaya muke yin Juma'a, kuma yawancin abin da ke nan daga bakinsa da na iyalinsa na ji shi, wani kuma na gani da idona.

Ranar Lahadi 9 ga Janairu 2022, dab da ƙarfe 11 na safe, gobara ta tashi a benen Twin Parks North West mai hawa 19, a titin East 181st. Hitar ɗumama ɗaki ce ta haddasa ta. Ita wutar ba ta yi wani nisa daga gidan da ta tashi ba. Hayaƙi ne ya yi ɓarna, domin ƙofar gidan ba ta rufe kanta ba bayan mutanen ciki sun fice, haka ma wata ƙofar matakala can sama a hawa na 15, sai matakalar ta koma bututun hayaƙi. Mutum 17 suka rasu, 8 daga cikinsu yara, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Bayan mako guda aka yi wa 15 daga cikinsu sallar jana'iza tare a Cibiyar Musulunci ta Bronx, shi kuma yana cikin waɗanda suka bi sallar a kan titi cikin sanyi, don masallacin ya cika.

'Yan Gana mazauna Bronx ba su manta da ta baya ba: gobarar 28 ga Disamba 2017 a unguwar Belmont, wadda ta ci mutum 13, har da Emmanuel Mensah, sojan Amurka haifaffen Gana, wanda ya rasu yana komawa ciki yana fito da maƙwabta. A can ma ƙofar da aka bari a buɗe ce ta ba wutar hanya.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun daga makon jana'izar uwargidan ta daina barcin kirki. A unguwarsu jiniya ba ta yankewa, dare da rana. Da ta ji motar kwana-kwana ta rage gudu kusa da benensu sai ta tashi zaune, ta rasa ko ta tashi yara ko ta ƙyale su, ta kira maigidan yana can filin jirgi ko tsakiyar Manhattan da fasinja a baya, shi ma bai san komai ba. A wata guda ya bar aiki ya garzayo gida sau huɗu, duk babu abin da ya faru a benensu.

Abin da yake nema, yadda ya faɗa mini, abu uku ne. Su san cikin minti ɗaya ko biyu ko motocin benensu suka zo da kuma abin da ya kawo su. Kuɗin kada ya wuce dala 150. Sannan ya zama abin da uwargida za ta iya kunnawa da maɓalli ɗaya cikin magagin barci.

Fabrairu 2022: manhajar waya

Ya fara da abin da ba ya cin ko sisi. Akwai manhajoji da ke watsa maganganun hukumar kashe gobara ta intanet. Yadda suke aiki shi ne, wani ɗan sa-kai yana da rediyo a gidansa, ya jona ta da kwamfuta, ita kuma ta tura sautin ga duk mai son ji. Suka saka ɗaya a wayarsa, ɗaya a wayarta.

Mako uku suka yi da ita. Ya auna jinkirinta da hanya mai sauƙi: in mota ta wuce ƙarƙashin tagarsu, sai ya duba agogo ya ga yaushe zai ji direbanta ya sanar da isarsa a waya. Wani lokaci rabin minti, wani lokaci ya kusa minti biyu. Wannan bai dame shi sosai ba. Abin da ya kashe masa gwiwa shi ne daren da tashar ta ɗauke gaba ɗaya har wayewar gari, ba tare da wata alama ba, sai shiru, irin shirun da mutum zai ɗauka lafiya ce. Mai tashar ɗan sa-kai ne, in kwamfutarsa ta tsaya yana barci babu wanda zai tuhume shi. Ga kuma cin batir, ga talla da ke faɗowa a tsakiyar magana, ga shi in kira ya shigo sautin ya tsaya, alhali a daidai lokacin ne take kiran maigida.

Maris zuwa Afrilu 2022: oba-oba guda biyu

Wani abokin aikinsa ya ce masa ai ba sai ya wahala ba, akwai ƙananan rediyon oba-oba 'yan China da ake sayarwa a intanet ƙasa da dala 30, suna kama komai. Ya yi oda.

Ta farko ba ta kama ko tari ba. Ya kwana biyu yana danne-danne, yana zaton shi ne bai iya ba, sai ɗansa na fari ya karanta masa rubutun da ke jikin kwalin: zangonta na sama ya tsaya ne a megahaz 480. Tashoshin da hukumar kashe gobara ta New York ke tura motoci da su kuwa suna wajen megahaz 482. Tazarar megahaz biyu kacal, amma daidai take da tazarar Kumasi da Makka.

Dalilin da ya sa tashoshin suke can sama yana da ɗan tarihi. Zangon da ke tsakanin megahaz 470 da 512 asalinsa na talabijin ne, tashoshi na 14 zuwa 20. A manyan birane 11 na Amurka, ciki har da New York, inda sararin rediyo ya yi cunkoso, an yanko wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana wani ɓangare nasa. A 2012 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da za ta tilasta musu tashi daga wurin a yi gwanjonsa, biranen suka yi ta ƙorafi, har aka soke wannan tanadi a Disamba 2020. Saboda haka mai neman rediyo a New York dole ya duba ko ta kai 512. A ƙaramin garin da ke nesa da waɗannan birane wannan tambayar ba ta ma taso ba.

Ta biyu ta kai har 520, ta kuma kama. Ranar da muryar mai tura motoci na Bronx ta fara fitowa daga cikinta, har hoton rediyon ya turo mini. Murnar ba ta kai wata guda ba. A hawa na 11, a birnin da kowane rufin bene ke ɗauke da eriyar wani, ƙaramar rediyon ba ta da matatar da za ta tace abin da ke shigo mata. Siginoni masu ƙarfi na kusa suna toshe mata kunne, magana ta riƙa yankewa, ko wani ƙugi ya hau kanta. In ya saka mata tashoshi goma sha wani abu ya ce ta zagaya su, tafiyar hawainiya take yi, kamar uku a daƙiƙa ɗaya, kafin ta dawo kan ta Bronx an riga an karanta adireshi an wuce.

Babbar matsalar kuwa maɓallin da ke gefenta ne. Oba-oba ba sauraro kaɗai take yi ba, tana aika magana. Wata Asabar ya fito daga wanka ya tarar da autarsu 'yar shekara huɗu ta rungume ta tana rera mata waƙar makaranta, yatsanta kusa da maɓallin. Allah ya sa a tashar hasashen yanayi ya bar ta, kuma bai ga alamar ta danna ba. Ana iya kashe aikawar ta kwamfuta, amma shi bai san da haka ba a lokacin. Shiga tashar jami'an agaji ba abin wasa ba ne a can: a 2017 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta ci wani matashi ɗan Queens tarar sama da dala dubu 400 saboda kutsa kai cikin tashoshin 'yan sandan birnin. A ranar ya cire batirin ya jefa rediyon saman kabad.

Kuɗin da suka tafi zuwa nan sun kusa dala 60. Araha ba ta ado.

Mayu 2022: a bakin kanta

Daga nan ya gane abin da yake buƙata shi ne irin rediyon da Amurkawa ke kira sikana: ba ta aika komai, aikinta kawai ta riƙa zagaya tashoshin da aka saka mata da gudu, gommai a daƙiƙa ɗaya, ta tsaya inda ta ji magana, in an gama ta ci gaba. Ya je wani shagon kayan lantarki. Yaron shagon ya ce masa zamanin tsofaffin rediyo ya wuce, ko'ina an koma dijital, in ba ya son asara ya sayi babbar, wato Uniden SDS100, wadda kuɗinta ya haura dala 600. Ya nuna masa allonta mai launi, ya ce lambar unguwa kawai zai saka ta nemo komai da kanta.

Yaron bai yi ƙarya ba a kan na'urar. Mutumin namu ya ce a ajiye masa, zai dawo ƙarshen wata in ya karɓi adashi.

Tsakanin nan ne ya ɗauki wani dattijo Ba'amurke daga asibiti zuwa gida, mai riƙe da ƙaramar rediyo a aljihun kwat. Hira ta kai su ga zancen, ashe tsohon ma'aikacin kamfanin waya ne, kuma yana cikin masu sha'awar rediyo da ke da lasisin gwamnati. Dattijon ya tambaye shi abu ɗaya: waɗanda kake son ji, da wane irin tsari suke magana? Ya ce bai sani ba. Dattijon ya ce to kada ya sayi komai sai ya sani, ya rubuta masa sunan shafin RadioReference a bayan rasit, inda masu sauraro ke tattara tashoshin kowace gunduma ta Amurka, da bayanin irin tsarin kowacce.

Abin da ya koya a makon nan shi ne zuciyar lamarin, don haka bari in tsaya a kansa.

Tsarin rediyon jami'an agaji a Amurka ba iri ɗaya ba ne, kowace gunduma da nata. Akwai tsohon tsari, inda kowace ƙungiya ke da tasharta ta dindindin, murya kuma tana tafiya yadda take, kamar gidan rediyon FM. Kowace sikana tana kama wannan muddin zangonta ya kai. Akwai na dijital, mafi yawa wanda ake kira P25, inda ake mayar da murya lambobi kafin a aika. Tsohuwar sikana in ta faɗa kansa ƙara kawai za ka ji, kamar injin markaɗe. Akwai kuma tsarin karɓa-karɓa, wanda babu mai tashar kansa: kwamfuta ce ke zaune kamar ɗan kamasho a tasha, duk wanda ya danna zai yi magana sai ta tura shi layin da babu kowa, in ya sake dannawa ta tura shi wani. Mai son bin hirar sai da sikanar da ke sauraron ɗan kamashon tana bin umarninsa. Jihohi da dama sun gina irin wannan na jiha baki ɗaya, kamar MARCS a Ohio, ARMER a Minnesota, da VIPER a North Carolina.

Kan wannan akwai wata wahalar. A wurare da yawa hasumiyoyi biyar ko goma ne ke watsa magana ɗaya a tasha ɗaya lokaci ɗaya, don ta game gari. Duk wanda ya taɓa zama tsakanin masallatai biyu da ladanansu suka ɗauki kiran salla tare ya san abin da ke faruwa: sautin ɗaya ya riga ɗaya isowa da ƙiris, kalmomi su hau juna. Kunnen mutum yana iya jurewa, amma sikanar dijital ta gama-gari rikicewa take yi, murya ta riƙa tsinkewa. An fito da SDS100 a 2018 musamman don maganin wannan, shi ya sa take da tsada, kuma a inda ake da matsalar ta ci kuɗinta.

Na ƙarshe shi ne kullallen tsari, inda ake sirranta muryar da mabuɗin da jami'ai kaɗai ke da shi. Wannan babu sikanar da ake sayarwa da ke buɗe shi, ko nawa ce. Dokar tarayya ta 1986 ta halatta wa kowa sauraron tashoshin jami'an agaji da ke a buɗe, ba ta halatta fasa kullallu ba.

Da ɗansa ya buɗe masa shafin gundumar Bronx, sai ga shi tashar tura motocin kashe gobara tana kan tsari na farko, tsohon nan mai sauƙi. Birnin da ya fi kowane girma a Amurka, amma a wannan fannin rediyon dala ɗari ta ishe shi.

Yuni 2022: sikana ta iso, doka ta tare hanya

Ya sayi Uniden BC125AT a kan dala ɗari da 'yan kai. Ba ta jin dijital ko kaɗan. Tana ɗaukar tashoshi 500 a rukuni goma, zangonta na sama ya kai 512, tana aiki da ƙananan batura biyu ko a jona ta da wuta, kuma ana iya rubuta wa kowace tasha suna ya fito a allo, ba lambobi tsagwaronsu ba. Ɗansa ya jona ta da kwamfuta ya zuba mata tashoshi kusan sittin a zama ɗaya: kwana-kwana na gundumomi biyar, motocin asibiti, ofisoshin 'yan sanda, jirgin ƙasa, har da filin jirgin sama.

Niyyarsa ta farko ita ce ya riƙa tafiya da ita a mota. Dattijon nan, wanda suka ci gaba da gaisawa ta waya, shi ya taka masa birki. Sashe na 397 na dokar motoci da hanyoyi ta jihar New York ya hana saka wa mota rediyon da ke iya kama tashoshin 'yan sanda, sai da izini na musamman. Hukuncin ya kai tarar dala 1,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Ba a ce sai an kama ka kana sauraron 'yan sanda ba, iya kamawar da rediyon ke yi shi ne abin dubawa, tasa kuwa tana iyawa.

Ya ji an ce masu lasisin rediyo na sha'awa an ɗauke musu, har ya fara tambayar jarrabawar: tambaya 35, a ci 26, sai kuɗin lasisi dala 35. Dattijon ya ce ya yi jarrabawar in yana so, abu ne mai kyau, amma ya sani an rubuta sassaucin ne don na'urar da mai lasisi ke magana da ita a tashoshinsu, ba a ambaci sikana ba. Mutumin da abincin gidansa ya rataya a kan lasisin tasi ba ya gwada zurfin irin wannan ruwa da ƙafarsa. Sikana ta zauna a gida.

A lokacin ya ɗauki wannan a matsayin faɗuwa. Ya ce mini ya sayi abu don kansa, ga shi ya zama kayan ɗakin mata.

Yuli zuwa Disamba 2022: rage tashoshi, koyon yare

Watan farko uwargidan ta tsani na'urar. Tashoshi sittin a birni irin wannan ba sa yin shiru ko na daƙiƙa biyar. Tana tsaye a kan rigimar wasu a Queens, ana karanta adireshi a Bronx. Sai suka fara zubarwa. Aka cire filin jirgi da jirgin ƙasa, aka cire sauran gundumomi, aka tura 'yan sanda wani rukuni da ba a kunnawa sai an so. Daga ƙarshe rukunin dare ya koma tashoshi uku: ta tura motocin Bronx, wadda aka ba fifiko ta yadda na'urar ke leƙa ta duk bayan daƙiƙa biyu ko tana kan wata, sai biyu na ƙananan oba-oban da 'yan kwana-kwana ke magana da juna a wurin gobara. Waɗannan na ƙarshe ba su da ƙarfi, ba sa bi ta hasumiya, ba ka jin su sai aikin yana kusa da kai. Wannan rauni nasu ya zama alama mai amfani: in suka fara magana, to abin a unguwa yake.

Wurin ajiyewa ma sai da aka yi gwaji. A kan durowar gefen gado, bango biyu na kankare da rodi tsakaninta da waje, muryar tana zuwa da shuu. A kan dakalin tagar kicin tana fita tas. Ya so ya sayi doguwar eriya, dattijon ya ce tsawo ba shi ne ba: a megahaz 482 eriyar da ta dace ba ta wuce santimita 15 da rabi ba, kusan tsawon biro, kuma a hawa na 11 babbar eriya tarkacen sigina za ta ƙara jawo masa. Aka bar ta da wadda ta zo da ita, aka sayi ƙaramar lasifika mai doguwar waya zuwa ɗakin kwana.

Sai yare. Turancin rediyon kwana-kwana ba na makaranta ba ne, rabinsa lambobi ne, ga sauri. Ita ce ta zauna da littafin rubutu na yara tana tara su, ɗanta yana duba mata ma'ana. Na ga takardar manne a jikin firij, da rubutunta: lambar da hukumar ta ba mahaɗar titinsu a sama, don da ita ake fara kiran wuri kafin adireshi. Ƙarƙashinta 10-75, gobara ce ta gaske, a ƙaro motoci. 10-77, gobara a dogon benen da mutane ke zaune. 10-26, abinci ne ya ƙone a kan murhu. 10-35, ƙararrawa ce ta yi kuka babu wuta. 10-92, wani ne ya yi kiran ƙarya. A gefen 10-77 ta ja layi biyu da jan biro.

Cikin wannan sauraro ne ta lura da abin da ba su saya rediyon dominsa ba. Sau da yawa tana jin mai tura motoci yana sanar da shugaban aiki cewa ga mutane a gida kaza sun kira, hayaƙi ya shigo musu, an ce su zauna ciki. Ta je ta karanta takardar da doka ta sa a manna a bayan ƙofar kowane gidan haya, wadda suka shekara shida suna wucewa ba su duba ba. Benensu na kankare ne da ƙarfe, irin wanda ba ya cin wuta, kuma shawarar hukuma a irinsa ita ce in ba a gidanka wutar take ba, galibi zama ciki ya fi fita: a rufe ƙofa, a toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tawul, a kira 911, layin gaggawa, a faɗi lambar gida. Daga nan ta gwada ƙofarsu. Ta buɗe ta saki, ƙofar ta tafi rabi ta tsaya. Dokar birnin ta wajabta wa mai bene ya sa ƙofofin da ke rufe kansu, aka kuma ƙara tsaurara ta a 2022 bayan Twin Parks. Suka yi wa mai kula da benen magana sau biyu, shiru. Suka kira 311, layin ƙorafi na birni. Kafin wata ya ƙare aka zo aka canza maratayin ƙofar.

Wani dare a Fabrairu 2023

Wajen ƙarfe biyu na dare jiniya ta tashe ta. Rediyon tana kunne amma ba ita ta tashe ta ba, kiran farko ya wuce tana barci. Ta leƙa taga ta ga jajayen fitilu a ƙofar benensu. A farfajiya ana ta buga ƙofofi, ana kiran yara, ga warin ƙauri yana shigowa.

Ta ƙara sautin lasifika. Tashoshin kusa, waɗanda kan yi makonni ba su ce uffan ba, sun cika da magana. Tana jin numfashin mutum cikin abin rufe fuska yana hawa matakala, yana cewa hawa na 7, hayaƙi kaɗan a farfajiya, suna ƙoƙarin buɗe ƙofa. Ta jiƙa tawul ta toshe ƙasan tasu ƙofar, ta ɗauko rigunan sanyin yara ta ajiye a kujera, ba ta tashe su ba. Bayan kamar minti shida, a ƙiyasinta, ta ji an ba mai tura motoci lamba. Sannan ta ɗauki waya.

"Baban yara, suna ƙofarmu, amma kada ka taso. Tukunya aka manta a kan wuta a hawa na bakwai."

"Kin tabbata?"

"Goma-ashirin da shida. Da kunnena na ji."

Yana kusa da filin jirgin LaGuardia a lokacin. Ya ce ya ajiye mota a gefen titi ya yi minti biyar hannunsa na rawa, sannan ya koma layi. Maƙwabtansu da dama sun sauka ta matakala da jarirai a hannu, ta cikin hayaƙin hawa na 7, suka tsaya a titi cikin sanyi har aka ce su koma.

Yuli 2023: Brooklyn ta yi shiru

Akwai wani abokinsa a arewacin Brooklyn, mai shagon kayan masarufi, wanda ya sayi babbar sikanar nan tun 2022, don shi 'yan sanda yake son ji saboda masu fashin shaguna. A Yuli 2023 rundunar 'yan sandan New York ta fara kulle tashoshinta, ta kuma fara da wasu ofisoshi na yankinsa. Hujjarta ita ce masu laifi suna sauraro, wasu kuma suna kutsowa da kiran ƙarya. 'Yan jarida, waɗanda suka shafe shekaru da dama suna samun labari ta wannan hanya, suka yi ca. Abokin ya wayi gari na'urarsa ta dala 600 tana nuna tashar a allo, tana nuna ana magana, amma ba ta fitar da ko kalma. Ya kai ta shago yana zaton ta lalace, aka ce masa lafiyarta ƙalau.

Rundunar ta bayyana cewa kullewar za ta game birnin. Mutumin namu bai yi asarar komai ba, tun da dama ya daina kunna rukunin 'yan sanda, kuma har lokacin da na ziyarce su a ƙarshen 2023 tashar kwana-kwana ta Bronx tana fita a tagar kicin yadda ta saba.

Abin da na gani a lamarin

Jimillar abin da ya kashe ta kusa dala 200, ta haura abin da ya yanka wa kansa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi ne a kan oba-oba biyun da ke saman kabad. Duka kurakuransa uku, da na huɗun da ya kusa yi a shago, tushensu ɗaya: yana tambayar wace rediyo ce mai kyau, bai tambayi da me hukumar unguwarsa ke magana ba. Amsar tana nan kyauta, minti goma ta ɗauki ɗansa. Da a Columbus ta Ohio ko Minneapolis ta Minnesota yake zaune, shawarar yaron shagon ce za ta zama daidai, ƙaramar sikanar kuma ta zama asara. Ba na ganin laifin yaron sosai, abin da ya fi yawa a ƙasar ya faɗa, bai dai tambayi mai sayen ina yake zaune da wa yake son ji ba.

Dokar da ta hana shi sa ta a mota, wadda ya yi ta jin haushinta, ita ta gyara masa lissafi. Direban da ke Queens ba abin da zai yi da labarin hayaƙi a hawa na 7 sai gudun ganganci a kan gada. Wadda za ta yanke shawarar a tashi yara ko a bar su, a fita ko a zauna, ita ce ke kusa da lasifikar, ita ce kuma ta koyi lambobin.

Sai dai ba zan ce wa kowa sikana kayan kariya ce ba. A daren da aka gwada ta ba ta tashi kowa ba. Ba duk abin da ake aika wa motoci ke bi ta murya ba, wani ta kwamfutar mota yake zuwa. Da abin ya zama 10-77, ƙararrawar hayaƙi da ke silin da maratayin ƙofar nan da aka canza su ne za su yi aikin, ita rediyon labari kawai za ta bayar. Kuma zamanta na aro ne: ranar da hukumar kashe gobara ta koma dijital, ƙaramar ta gama aiki, sai ya nemi babbar. In kuma kullewa aka yi irin ta 'yan sanda, babbar ma ba za ta yi ba. Na tambaye shi ko yana tara kuɗin babbar saboda wannan rana. Ya ce a'a, sai ya ga irin tsarin da suka koma tukuna. Abokinsa na Brooklyn ya riga ya yi masa tayin tasa a rabin kuɗi, ya ce masa ya ci gaba da ajiye ta.